Albarushin da ya haura shekara 30: a ɗura ko a rabu da shi?

Ɗan Baka: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Muna gyara ɗakin marigayi kakanmu sai muka ci karo da albarushi kashi biyu. Ɗaya baƙi ne a cikin ɗan gora, an toshe bakinsa da tsumma. Ɗayan yana cikin gwangwanin Turawa, rubutun jikinsa duk ya goge. Ko kusa ba su gaza shekara 30 ba. Baffana ya ce albarushi ba ya tsufa, in ɗura kawai. Gaskiya ne?

Baba Sarkin Baka: Wa alaikumus salam ɗana. Baffanka ya san abin da yake faɗa. Ruwa ne kaɗai maƙiyin albarushi. Ni da hannuna na ɗura wanda mahaifina ya bari, kuma ya tashi kamar jiya aka haɗa shi.

Malamin Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, a kan na cikin gora ina bayanka. Baƙin albarushi gawayi ne da farar wuta da wani farin gishiri, fotasiyam naitiret, aka niƙa aka gauraya. Ba su narke cikin juna ba, suna zaune ne kawai, shi ya sa shekaru ba sa cin su muddin babu danshi. Gishirin ne ke jan laima, ya dunƙule, ya rage ƙarfi. Amurkawa sun gama yaƙin basasarsu a 1865, amma a 2008 wani mai tara kayan tarihi a jihar Bajiniya ya rasa ransa da harsashin igwa na wancan yaƙin ya fashe yana tsaftace shi.

Baba Sarkin Baka: To ka ji. Boko ma ya yarda.

Malamin Kimiyya: Ban gama ba Baba. Na gwangwanin ne ya tayar mini da hankali. In albarushi marar hayaƙi ne, irin na cikin harsashin zamani, wannan wata halitta ce daban. Auduga ce da aka sarrafa da asid. Tun ranar da aka yi shi yake ruɓewa a hankali, yana fitar da iska mai tsami, ita kuma iskar tana ƙara saurin ruɓewar. Masana'anta na zuba masa wani sinadari mai shanye tsamin, amma sinadarin ƙarewa yake. Ranar da ya ƙare, albarushin na iya ɗaukar zafi ya kama da wuta shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro shi a 1884, kuma Faransa ta ɗanɗana kuɗarsa: jiragen yaƙinta biyu, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, sun tarwatse a tashar Tulon, aka ɗora laifin a kan albarushin da ya lalace.

Na Amurka: Malam kada ka firgita yaro. A nan inda nake mutane na sake cika kwanson harsashi a gida, kuma akwai masu amfani da albarushin da ya girme su. Kamfanin Hodgdon ma da ragowar albarushin Yaƙin Duniya na Biyu ya fara kasuwa a 1947, aka yi shekaru ana harbi da shi lafiya. Abin da ake dubawa: in an buɗe aka ji wari mai yaji yana sukar hanci, ko aka ga jan ƙura, ko tsatsa a cikin murfi, ya mutu. In babu ko ɗaya, da sauransa.

Malamin Kimiyya: Yaya, a ina suke ajiye nasu?

Na Amurka: Wuri mai sanyi, busasshe, cikin mazubinsa na asali.

Malamin Kimiyya: Madalla. Na Ɗan Baka kuwa bazara 30 ya yi a ƙarƙashin rufin kwano. Zafi ne ke cinye sinadarin nan da sauri. Sannan su suna da suna da lamba a jikin gwangwani, suna da littafin awo, suna da sikeli. Shi rubutunsa ya goge.

Na Amurka: Wannan kam ka kama ni. Albarushin da ba a san sunansa ba, a nan ma ba mai hankalin da zai ɗura shi, ko sabo ne fil.

Maƙeri: Ku bar ni in sa baki, don gurina ake kawo gawar bindiga. Ku manta da tsufa. Ko yau aka fito da marar hayaƙin nan daga kanti, ka zuba shi a bindigar toka, ka kashe kanka. Bututunmu ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. An taɓa kawo mini wata ta tsage kamar rake, mai ita yatsu uku suka rage masa a hannun hagu. Ya farke harsashin zamani ne ya juye cikinsa, wai ya fi tashi.

Baba Sarkin Baka: Wannan ganganci ne, ba mu gada ba. Ni a kan baƙi nake magana.

Maƙeri: Baba, ko baƙin, ka tabbata kakan bai gauraya su ba? Launi ba shaida ba ne, na zamanin ma akwai mai duhu.

Baba Sarkin Baka: Maharbin da ya kai jika ba zai yi wannan ba.

Ɗan Baka: Na je na duba yanzu. Ban ma buɗe ba, gefen murfin gwangwanin ya huje da tsatsa, wani jan gari na zuba, warin har ƙwalla ya sa ni.

Malamin Kimiyya: Kada ka murɗa murfin, kada ka girgiza. Ka fitar da yara daga sashen, a kashe duk wata wuta, ka sanar da 'yan sanda su turo masu kwance bam. Kada ya kwana a ɗaki.

Baba Sarkin Baka: Gwangwani a ba su. Goran dai a kawo mini in gani da idona.

Maƙeri: Ka gani Baba, amma ba a bindigar da na ƙera ba.

Ɗan Baka: Bari in je in lallashi Baffa tukuna, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya ce ba mai taɓa kayan ubansa.