Wai Raw ya zama talla, a Dynamite kaɗai ake resilin na gaske?

Mai Caji: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau dai zan faɗi abin da ya daɗe yana ci na a rai, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Raw, shirin mako na kamfanin WWE, yanzu ba shirin resilin ba ne, talla ce kawai ta babban wasan da ke tafe. Mutum ya hana idonsa barci daren Litinin, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a nan wajenmu ake farawa, sai wani ya fito da kiɗansa ya ɓata lokaci kafin ma ya iso igiya, ya karɓi makirfo ya yi ta zuba, wani ya fito ya katse shi, manaja ya zo ya ce to za ku haɗu a wasan ƙarshe, a tafi talla. Wasan ƙarshen kuma ana tsakiyar daɗi sai wani ya faɗo daga waje, alƙali ya sa a kaɗa ƙararrawa, babu wanda ya ci. SmackDown ɗinsu na ran Juma'a ma kusan haka. Ni a wajena Dynamite na kamfanin AEW ne kaɗai ke ba mutum abin da ya tashi dominsa duk mako.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Yaya ka taro faɗa da sassafe fa

Mai Caji: Ba faɗa ba ne Auta, hujja gare ni. Satumbar 2021 Kenny Omega da Bryan Danielson suka yi minti 30 cur a Dynamite, a filin Arthur Ashe na New York, aka tashi canjaras. Disambar wannan shekarar Danielson ya sake yin awa ɗaya da Hangman Page, shi ma a Dynamite, shirin Laraba na yau da kullum. Da WWE ce wallahi sai an ɓoye irin wannan wasan an ce ka jira WrestleMania, babban wasansu na shekara.

Kawu: Yaro, ka zauna in ba ka labari tunda ni tun ana hayar kaset ɗin bidiyo nake kallon abin nan. Raw an fara shi Janairun 1993. A 1995 kamfanin WCW ya buɗe Nitro, shi ma ran Litinin, kuma in gwanintar jiki kake nema Nitro ne ke da su, su Rey Mysterio, Eddie Guerrero, Chris Jericho, Dean Malenko, yaran nan tashi suke kamar tsuntsaye. Sati 83 a jere Nitro na doke Raw wajen yawan masu kallo. Ka san daren da Raw ya karya wannan? 13 ga Afrilu 1998, daren da aka ce Stone Cold Steve Austin zai kara da maigidansa Vince McMahon, mai kamfanin da ke yin Raw. Kuma wasan ma ba a yi shi ba, Dude Love ya shigo ya watsa komai. Wato irin abin da kake kuka da shi yanzu shi ne ya ceci kamfanin. Mutane ba tsalle suka zo gani ba, so suke su ga ma'aikaci ya ɗaga hannu ya make ubangidan da ya raina shi. Zuwa Maris ɗin 2001 Vince ya saye WCW ɗin baki ɗaya.

Mai Caji: Kawu da girmanka, amma wancan Austin ne. Yanzu wa ke da bakin Austin? Kowa haddace takarda yake ya zo ya karanto.

Na Maraɗi: Ni ina bayan Kawu a nan. Ku duba ko namu na gida, in za a yi kokawar takobi a Nijar ko dambe a wajenku, ai ba shiga kawai ake a kama ba. Makaɗi zai taso, a wasa mutum, ya yi kirari ya zagaya fili yana nuna wanda yake so, jikin kowa ya yi tsami tun kafin a taɓa juna. Cire kirarin ka ga in filin zai cika haka. Surutun da suke a Raw kirarinsu ne, sai dai a ce wani ya iya wani bai iya ba.

Mai Caji: To amma a dambe bayan kirari ana kisa ko a raba, kowa ya gani da idonsa. Ba a cewa ku dawo wata mai zuwa ku sayi wani tikitin kafin ku ga wanda zai faɗi.

Maman 'Yan Biyu: Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa ina aiki. Mai Caji ka haɗa da SmackDown shi ya sa zan sa baki. Labarin Bloodline, ƙungiyar dangin Roman Reigns, a ina aka gina shi in ba a shirin Juma'a ba? Ni wallahi saboda Sami Zayn na dawo kallo bayan na daina shekaru. Mutum bare ya maƙale wa dangin su Roman Reigns yana neman a karɓe shi, Jey Uso ya tsane shi yana hantararsa, sati bayan sati kana ganin zuciyar Jey na saukowa kaɗan kaɗan, wani satin ma ba a yi komai ba sai kallon da suka yi wa juna a bayan fage. Ran da Sami ya ɗaga kujera ya maka wa Roman a baya a Royal Rumble na 2023, ihun da filin nan ya ɗauka ba don kujerar ba ne, kujera nawa aka maka wa mutane a tarihin resilin? Watannin da muka yi muna bin su duk mako ne suka sa ta yi nauyi. Wanda bai kalli shirin mako ba ya zo ya ga wannan daren kawai, ba zai gane me ya sa Jey ya fice daga fili yana hawaye ba.

Autan Zaure: Anti kin gama magana

Mai Caji: Anti na yarda labarin Sami ya yi kyau, ban taɓa musu ba. Amma ki dubi ɗaya gefen. Roman ya riƙe bel kwana 1,316, daga Agustan 2020 har Cody Rhodes ya karɓe a WrestleMania 40 cikin Afrilun 2024. A shekarun ƙarshen nan sau nawa kika ga ya kare bel ɗin a SmackDown? Wani lokaci sai a yi makonni bai ko leƙo ba, Paul Heyman mai ba shi shawara ne zai fito yana riƙe da waya wai yana magana da shi. Kuma in ya yi wasan, ƙarshensa ɗaya ne, alƙali ya faɗi, ɗan uwansa Solo Sikoa ko Jimmy Uso ya shigo, a ƙirga uku. Shirin da zakaransa ba ya zuwa aiki ai sunansa talla.

Autan Zaure: Yaya ka manta Gunther ne? Kwana 666 da bel ɗin Intercontinental kuma a shirin mako ya riƙa kare shi. Wasansa da Chad Gable a Raw, Satumbar 2023, dab da zai karya tarihin Honky Tonk Man na daɗewa da bel ɗin, je ka sake kallo, babu wanda ya shigo, duka ne tsagwaronsa har ƙirjin mutum ya yi ja, 'yar Gable na gefen fili tana kuka. Wannan a Raw aka yi shi ba a wani babban wasa ba. Tunda Triple H ya karɓi tsara labari a 2022 abin ya sauya sosai, kai dai ka riga ka yanke hukunci tun zamanin Vince.

Baƙon Zaure: Ni fa mamaki kuke ba ni, manya da ku kuna musu a kan abin da duk ƙarya ce an tsara

Kawu: Malam baƙo barka da zuwa. Kowa a nan ya san an tsara wanda zai ci, ba yau muka sani ba. Amma faɗuwar ba a tsara mata katifa. Big E a SmackDown ya karya wuya cikin Maris 2022. Triple H naman cinyarsa ya yage a Raw a 2001 kuma ya ƙarasa wasan a haka. Sai ka zauna ka saurara.

Mai Gidan Kallo: Bari in faɗi nawa ta fuskar mai sana'a, don ni nake sayen fetur in tada janareto. Mai Caji yana da gaskiya a abu ɗaya, tsawo. Tun Yulin 2012 da aka mai da Raw awa uku abin ya yi ruwa, a nuna maka abu, a dawo daga talla a sake nuna maka shi, can gaba a kuma maimaitawa. Ni maimaici nake sakawa da yamma kuma ina ganin yadda yara ke fita sayen gyaɗa a tsakiya su dawo wajen ƙarshe. Da aka mai da shi awa biyu a ƙarshen 2024 kafin ya koma Netflix, wallahi ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba. Sai ga shi a farkon 2025 SmackDown kuma aka ja shi zuwa awa uku, nan take ya yi sanyi. To amma batun Dynamite, na gwada sakawa. Benci ya cika da farko saboda sun ga Jericho da Sting sun san su, bayan nan sai tambaya, wane ne wannan, me ya haɗa su faɗa? Ni kaina ba ni da amsa, don sau da yawa Tony Khan mai AEW haɗa gwanaye biyu kawai yake ya ce ku yi, wani daga Japan wani daga Meziko, babu gaba babu dalili. Ga bel sun yi yawa har ba ka san wanne ne babba ba. Sannan a ɗaga mutum a doka kansa da ƙasa, abin da a da in an yi maka sai a ɗauke ka a makara, shi kuwa a ƙirga biyu ya ɗaga kafaɗa ya miƙe yana tsalle. In aka yi haka sau biyar a wasa ɗaya dukan ya daina ba kowa tsoro.

Mai Caji: Alhaji wannan rashin sabo ne. WWE ta fi shekara 30 tana shiga gidajen mutane duk Litinin, Dynamite kuwa Oktoban 2019 aka fara. Kuma kar a ce babu labari, tafiyar Hangman Page daga rasa amincewa da kansa har ya doke Omega ya ɗau bel shekara biyu aka yi ana gina ta, rigimar MJF da CM Punk ma baki ne zalla kafin a zo ga jini. Kamfanin da bai kai shekara biyar ba ya tara mutum sama da dubu 70 a Wembley ta Landan a 2023, ba a banza ba. Da NXT, shirin WWE na masu tasowa, ta tsaya masa ran Laraba wa ya matsa? NXT ce ta koma Talata a 2021.

Autan Zaure: Kuma komawar ta yi mata rana. Ni in za a bi tawa NXT ta fi su duka daɗin kallo a mako, awa biyu ba ja, Shawn Michaels ke riƙe da ita. Can Oba Femi ɗan Legas ya taso, ya ɗau bel ɗin North American a Janairun 2024, shekara na zagayowa ya ɗau babban bel ɗin NXT. Mutumin nan in ya jefar da ƙato sai ka ji a jikinka, da ma ɗan wasan jifan dalma ne a jami'a a Amurka.

Mai Caji: Allah ya sa kar su yi masa irin ta Kofi. Anti ke da kike kare SmackDown, ki tuna 4 ga Oktoban 2019, daren farko a tashar Fox. Kofi Kingston haifaffen Kumasi, shekara 11 yana wahala a kamfanin kafin ya ɗau babban bel a hannun Daniel Bryan a WrestleMania 35, mu duka nan muka yi murna kamar ɗan gidanmu ne. Aka haɗa shi da Brock Lesnar, ko daƙiƙa goma ba a yi ba, kayen nan nasa na F5 ɗaya ya yi masa aka ƙirga uku. Don me? Don Cain Velasquez ya fito a tallata wasan da zai yi da Lesnar a Riyad ƙarshen watan. Wata shida na Kofi aka zubar saboda talla. Wannan ita ce maganata tun farko.

Maman 'Yan Biyu: Wannan kam ba zan kare shi ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yarana kuka suka yi ranar. Amma dare ɗaya ne ka ɗauko a zamanin Vince, ni kuma na kawo maka kusan shekara guda ta Sami da Jey. Ban sauka daga maganata ba.

Na Maraɗi: Ni abin da na lura, Mai Caji wasa yake ƙirgawa, Anti kuma mutanen take bi. Ko an kwana a nan ba za ku haɗu ba.

Kawu: A'a za su haɗu mana, a gaban talabijin. Alhaji ka saka mana Raw na wannan satin ran Talata bayan isha'i, Dynamite kuma ran Alhamis, kowa ya zo da idonsa.

Mai Gidan Kallo: Na yarda, amma na Alhamis ɗin sai an haɗa mini kuɗin mai, don na san benci ba zai cika ba.

Mai Caji: Ni zan biya rabi. Kuma zan zo da agogo, daga ƙararrawar farawa zuwa ta gamawa zan rubuta mintin kowane wasa a shirin biyu, in turo nan kowa ya gani.

Maman 'Yan Biyu: Ni a gida zan kalla. Ka rubuta har da abin da ya haɗa kowane biyu faɗa, in ka samu.

Mai Caji: Zan rubuta Anti. Auta kai za ka riƙe biron.