dpkg-deb ya ƙi haɗa .deb a WSL, izinin folda ya kafe a 777

Assalamu alaikum. Ina neman haɗa kunshin .deb (fayil ɗin da ake girka manhaja da shi) a Ubuntu 22.04 cikin WSL 2 (tsarin gudanar da Linux a cikin Windows), foldar aikin tana /mnt/c, wato faifan C: na Windows. Duk sanda na buga `dpkg-deb --build`, sai ya tsaya da wannan:

`control directory has bad permissions 777`

Na san yana son izinin foldar DEBIAN (inda bayanan kunshin suke) ya kasance tsakanin 0755 da 0775, ba 777 da ke ba kowa damar rubutu ba. Na yi `chmod 755 DEBIAN` don sauya izinin, har da sudo, amma `ls -ld` bai nuna wani sauyi ba. fakeroot da `--root-owner-group` ma aikin banza, tunda matsalar ba ta wanda ya mallaki fayil ba ce.

Da na sa `options = "metadata"` a sashen automount na /etc/wsl.conf (fayil ɗin saitin WSL), na yi `wsl --shutdown`, chmod ya fara kamawa. To amma da zarar na yi git checkout daga ɓangaren Windows, sai postinst (fayil a foldar DEBIAN da ke gudana bayan girka kunshin) ya koma 777, ginin ya sake faɗuwa. Idan na kwafe komai zuwa ~ (foldar gidana ta ɓangaren Linux) lafiya lau yake haɗuwa, sai dai kwafi a kowane gini ya ishe ni.

Wane saiti ne a wsl.conf zai sa fayilolin da Windows ta rubuta su riƙa fitowa da 755? Na gode.