Tarazon gidanmu ya dusashe bayan wankin asid, a gyara ko a rufe da tayil?

Maman Yara, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema a kan daɓen tarazo. Gidan da muke ciki na mahaifin maigidana ne, Allah ya jiƙansa, ginin shekarun 1980. Falo da baranda da ɗakuna duk tarazo ne, mai farare da baƙaƙen duwatsu, da siraran layuka baƙaƙe da suka raba shi gida-gida. Da can ko ba a shafa masa komai ba yana da ɗan sheƙinsa. Da bikin ƙanwar maigida ya taso sai aka ɗauko masu wankin gida, suka zo da jarkar asid irin wanda ake wanke tayil da shi bayan gini, suka kwarara a falo da baranda. Ya yi ta kumfa, suka ce dattin shekaru ne yake fita. Ranar kam ya yi fari tas. Amma tun daga lokacin ya yi kaushi, sheƙin ya tafi, in ka shafa hannu sai ka ji ƙananan ramuka, kuma ko yanzu aka goge, yaro ya taka sau ɗaya sawunsa ya zauna. Ga tabon manja a bakin kicin, ga zoben tsatsa inda tukunyar gas take, ga kuma wani tsagewa a baranda. Maigida ya ce a rufe da tayil kowa ya huta. Ni kuma raina bai kwanta ba, don daɓen nan tsohon ne ya yi shi, kuma yana da sanyi lokacin zafi. Akwai abin da zan wanke shi da shi ya dawo? Ko ya riga ya mutu?

Anti Amarya:
Wa alaikumus salam. Maman Yara ki riƙa zuba murfin kananzir ɗaya a ruwan mofa, za ki ga ƙyalli nan take. Haka ake yi a gidanmu tun muna yara.

Malama, Zariya:
Anti Amarya ki yi haƙuri, ban goyi bayan kananzir ba. Ƙyallinsa na maiƙo ne, yana kwana ɗaya ya kama ƙura, ga santsi ga wari, ga yara masu rarrafe. A daɓen da ya riga ya buɗe kamar nata ma shigewa ciki zai yi ya bar duhu-duhu.

Maman Yara, abin da ya samu daɓenki ba datti ba ne, shi ya sa wanki ba zai yi maganinsa ba. Tarazo gutsuren dutsen marmara ne aka kwaɓa da siminti, aka zuba, ya bushe, aka gurje samansa da inji. Marmara kuwa sinadarinsa kalsiyam kabonet ne, shi da alli da farar ƙasa 'yan gida ɗaya ne, kuma duk wani abu mai tsami yana narkar da shi. Simintin da ya riƙe duwatsun ma asid yana cinsa. Kumfar da kika gani daɓen ne da kansa yake narkewa yana fitar da iska. Ya yi fari ne domin an ɗaye fatarsa ta sama, wadda ita ce mai sulɓi da sheƙi, aka bar miki na ƙasa mai ƙofofi, yana shan duk abin da ya zuba.

Kuma ba asid ɗin jarka kaɗai ba. Ruwan wankin masai, ruwan kal, lemun tsami, ruwan tsamiya, duk layi ɗaya suke, ƙarfinsu ne kawai ya bambanta. Ko zoɓo da lemun kwalba in suka zube suka kwana sukan bar wuri ya dusashe. Sannan ina roƙon kowa a nan, kada a taɓa haɗa bilic, wato ruwan faranta kaya, da asid ko ruwan wankin masai a bokiti ɗaya. Iskar kulorin yake tayarwa, tana iya shaƙe mutum, musamman a banɗaki da ƙofa a rufe.

Malam mai aikin tarazo, Kano:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Malama ta riga ta faɗi ciwon, ni bari in faɗi maganin, tunda sana'ata ce.

Daɓenki bai mutu ba. Bambancin tarazo da tayil kenan. Tayil adonsa a fuska yake, in fuskar ta tafi shi kenan. Tarazo kuwa duwatsun nan har ciki suke, kaurinsa yakan kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, abin da asid ya ci kuma ɗan sama-sama ne. In aka sake gurje shi sabuwar fuska ce za ta fito, da launin da tsohon ya zaɓa ranar farko. Ginin wancan zamanin ma ba a yi masa rowar siminti da dutse ba, ki duba tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati, ƙafa nawa ta taka su, har yau suna nan. Marmara kuma muna da shi a ƙasar nan, akwai a Jakura ta jihar Kogi, akwai a Igbeti ta jihar Oyo, don haka in ana buƙatar ciko ba za a rasa dutse ba.

Kafin ki kira kowa, ki ɗauki ƙotar tsintsiya ko mukulli ki bi daɓen kina ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara a cike, lafiya lau. Inda kika ji yana amsawa kamar akwai rami a ƙasa, wurin ya rabu da daɓen ƙasa, ki yi masa alama da alli. In wuri ɗaya ne ko biyu, ana fasa wannan yanki na daɓen kaɗai a sake zubawa, amfanin layukan da suka raba shi kenan.

Aikin kansa da ruwa ake yi. Ana farawa da dutsen gurza mai kaushi, lamba 30 ko 60, ya cinye wurin da asid ya lalata ya daidaita fuskar. Daga nan ƙananan ramuka za su bayyana, sai a dama siminti mai launin daɓen, ruwa-ruwa, a shafe ko'ina ya cike su, a bar shi kwanaki ya yi ƙarfi. Nan ne masu gaggawa suke cutar mutane. Su gurza da safe, su shafa man sheƙi da yamma, su karɓi kuɗi. Bayan wata biyu datti ya cika ramukan, ki ga ɗigo-ɗigo baƙi ko'ina. In ciko ya bushe sai a dawo da lamba 120, a bi da 220, a bi da 400, mai son ƙyalli sosai a kai masa 800 ko sama. Kowace lamba tana share zanen da ta gabanta ta bari, don haka in aka tsallake ɗaya, da rana ta shigo ta taga za ki ga zane zagaye-zagaye a ƙasa. Ki tambayi mai aikin lambobin da zai bi tun kafin ku yi ciniki. In ya kasa lissafo miki su, ki sallame shi cikin mutunci. Ki ce kuma ya fara gwada miki a lungu ɗaya, bayan kujera, ki gani da idonki.

Abu biyu ki tsaya a kai. Kada ya gurza a bushe, ƙurar dutse da siminti tana illa ga huhu, kuma za ta shiga har cikin sif ɗin kaya. Gefen bango da kusurwa inda babban inji ba ya kaiwa, nan ma da ƙaramin inji da ruwa ake bi. Sannan taɓon da yake fitowa kada a kora shi cikin magudanar banɗaki ko kwata, siminti ne, in ya daskare a bututu sai an fasa. A kwashe a bokiti a zubar waje.

Bayan ya bushe sarai sai a shafa sila, wato maganin da yake shiga cikin daɓen ya toshe ƙofofinsa. Ki nemi mai shiga ciki, ba mai kwanciya a sama kamar fenti ba, don wancan ɓarewa yake yi a hanyar da aka fi takawa.

Baban Gida, Abuja:
Ni dai zan ɗan kare maigidan. Ba kowane gari ake samun wanda ya iya aikin nan ba yanzu, matasa duk tayil suka koya. Kuma sai an kwashe kaya daga falo na kwanaki, ga ruwa ga ƙarar inji, ga janareta in babu wuta. Mutum ya lissafa wannan ma.

Hajiya Babba:
Gaskiya ne Baban Gida, amma sa tayil ma ai sai an kwashe kayan, kuma ƙasa za ta ƙara tudu, a zo ana yanke gindin ƙofofi. Mai tayil kuma sai ya sassare tarazon kafin siminti ya kama, daga nan babu komawa. Gurzawa kuwa in ba ta yi muku ba, tayil yana nan bai gudu ba. 'Yata, ki faɗa masa haka cikin lalama, a fara da abin da ake iya janyewa.

Ni tarazo nake takawa tun ina amarya, kuma abin da na sani shi ne shara ta fi wanki muhimmanci. Yashi ne yake kashe sheƙi. Ƙurar hunturu da rairayin da takalmi yake kwasowa, in ana takawa, gurzar daɓen suke yi a hankali. Saboda haka tabarmar goge ƙafa a kowace ƙofa, takalmi a waje, shara da tsintsiya mai laushi safe da yamma. Wanki kuwa ruwa ne da ɗigon sabulun wanke kwanuka na ruwa, kaɗan ƙwarai, a matse mofa sosai, a canja ruwan da zarar ya yi duhu, a bi da busasshen tsumma. Omo yana barin fari-fari a sama, in kuma ruwanku na burtsatse ne mai gishiri-gishiri, barinsa ya bushe da kansa shi ma shaida yake bari. Soson ƙarfe kada ya kusanci wurin. Ƙafafun kujeru da gadon ƙarfe a sa musu roba, a ɗaga kaya in za a matsar, kada a ja. Kaskon turaren wuta kuma a ɗora shi a kan faranti ko bulo.

Wani abu da mutane ba sa lura, ledar ɗaki da ake shimfiɗawa a kan tarazo tana riƙe laima da damina. In aka ɗaga sai a tarar wurin ya yi dabbare-dabbare. Darduma ko kafet da ake ɗagawa a share ƙasansa ya fi.

Maman Yara, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na ƙwanƙwasa ko'ina, wuri ɗaya ne kawai yake amsawa, kusa da tsagewar baranda. Maigida ya yarda a gwada lungu ɗaya tukuna. To Malam, manjan nan da tsatsar fa, gurzawa za ta ɗauke su, ko akwai abin da zan yi kafin mai inji ya zo? Wata maƙwabciya ta ce in goga lemun tsami da gishiri a kan tsatsar.

Malam mai aikin tarazo, Kano:
A'a Hajiya, lemun tsami ɗan uwan asid ɗin nan ne, zai ɗauke tsatsar ya bar miki rami. Yawancin magungunan cire tsatsa na kasuwa ma asid ne. Ki bar wa mai inji, zoben tukunyar gas galibi bai cika nutsewa ba, dutsen farko yakan tafi da shi. Daga yau dai ki ɗora tukunyar a kan katako ko faifan roba.

Manja shi ne mai shiga ciki, gara ki fara jawo shi tun yanzu. Ki sami garin alli ko sodar girki (baking soda), ki dama da ruwa kaɗan da ɗigon sabulun kwanuka ya yi kauri, ki lafta a kan tabon kaurin yatsa, ya ɗan wuce gefensa. Ki rufe da leda, ki manne bakin da salatif, ki huda ledar wuri biyu ko uku, ki bar shi kwana ɗaya zuwa biyu har ya bushe. Yayin bushewar ne yake tsotso man. Ki kankare da cokalin roba, za ki ga garin ya yi rawaya. Tsohon tabo sai an maimaita. Na shayi ko zoɓo ko goro, haka za ki yi, sai dai ki dama garin da haidurojin ɗin da ake sayarwa a kemis na wanke ciwo, ki fara gwadawa a ɓoyayyen wuri don yana iya hasken launi.

Tsagewar baranda kuma ki sa mata ido kafin a cike. Ki ja layi da fensir a ƙarshenta, ki duba bayan 'yan makonni. In ba ta wuce layin ba, a buɗe ta kaɗan a cike da siminti da gutsuren dutse mai kama da na wurin, a gurje tare da sauran. In tana ƙaruwa, ko kika ga farin gishiri yana tsatstsafowa ta ciki, to ruwa ne yake shiga ƙarƙashi, a duba indararo da bututun da ke kusa a gyara tukuna, in ba haka ba cikon zai sake buɗewa.

Bayan an gama aiki, duk shekara ki ɗiga ruwa cokali ɗaya a hanyar da aka fi bi. In ya tsaya a dunƙule, sila tana nan. In wurin ya yi duhu cikin 'yan mintuna, lokacin sake shafawa ya yi, kuma wannan ke da kanki za ki iya da tsumma mai tsabta, ba sai an kira mai inji ba.