Wa ya ce noman fartanya bauta ce?

Ɗan Fadama: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Tun kafin ruwan farko na biya kuɗin hayar tarakta, aka rubuta sunana, aka ce nan da kwana uku. Yau kwana ashirin da biyu. Jiya na je na tarar an ɗage ta a kan bulo, babu taya ɗaya, direban na barci a inuwarta. Maƙwabtana gero ya fito, ni ko huɗa ban yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai, tun 1917 Henry Ford ya fito da taraktar Fordson a Amurka, a 1922 ya karya kuɗinta zuwa dala 395 don ƙaramin manomi ya iya saya. Su shekara ɗari ke nan da fita daga bautar fartanya, mu har yau muna ciki.

Baba Na Gandu: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da alheri. Amma yaro, ka janye kalmar bauta. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, duk gyaɗar da aka yi dala da ita hannu ne ya noma ta. Na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Ubana da fartanya ya ciyar da mu goma sha ɗaya, kuma ba bawa ba ne.

Ɗan Fadama: Baba, ban ce kowa bawa ne ba. Wahala nake nufi. Maganata a kan kuɗin hayar nan take.

Malama Mai Alli: Ai Hausa ce, Baba. Wanda ya wuni a rana yakan ce yau na sha bauta. Har 'yan bautar ƙasa gare mu, wa ya taɓa kiran su bayi?

Baba Na Gandu: Malama, ke Hausar aji kika sani. A ƙauyenmu ka ce wa mutum haka a bakin gonarsa, sai an kai ku gaban mai gari.

Ɗalibin Tarihi: Ku yi haƙuri, tun daga tushe maganar ta karkace. Yawancin manoman Amurka na lokacin ba da fartanya suke noma ba, dawaki da alfadarai ke ja musu garma. A 1920 akwai dawaki da alfadarai kusan miliyan 25 a gonakinsu, taraktoci kuwa wajen 246,000 ne kacal, alhali gonakin sun haura miliyan 6. Sai a shekarun 1950 tarakta ta fi su yawa. In kuma bauta ake magana, akwai waɗanda suka san ta da gaske. An haramta ta a Amurka a 1865, amma jikokin bayi a jihohin Misisipi da Alabama suka ci gaba da sāran ciyawar auduga da fartanya a gonar wani, ana raba amfani, bashi na bin su shekara bayan shekara. A 1933 gwamnati ta fara biyan masu gona kuɗi su rage shuka auduga. Da yawa suka karɓi kuɗin, suka sayi tarakta, suka sallami mutanen. A 1944 aka noma auduga aka tsince ta kaf da inji a wata gona kusa da garin Clarksdale a Misisipi. Waɗanda aka kora, Chicago da Detroit suka nufa neman aikin masana'anta. To wa injin ya 'yanta?

Baba Na Gandu: Ka ji magana. Allah ya yi maka albarka.

Bakanike Mai Jar Mota: Ni Fordson ɗin nan da kake yabo ce ta tsaya min a rai. Ƙafafun ƙarfe gare ta, da hannu ake murɗa ta ta tashi, in ta yi tutsu sai ta karya maka hannu. Garma ta kama dutse ko saiwa, gabanta ya tashi sama ta kife ta baya a kan direba. Ta kashe mutane haka. Sai da Harry Ferguson ya ƙirƙiro maƙalar garma mai wuri uku aka huta, Ford da kansa ya ɗauka ya sa a taraktarsa ta 1939. Shi ya sa har gobe babu kamar Massey Ferguson.

Direban Koriya: Kullum sai ka kawo mana tallar jar tarakta, Massey Ferguson. John Deere, mai koriyar tarakta, tun 1918 ya sayi kamfanin da ke ƙera taraktar Waterloo Boy ya shiga harkar, lokacin ko sunan Massey Ferguson babu.

Bakanike Mai Jar Mota: In taka ta lalace a daji, nemo min kayan gyaranta a kasuwar ƙauye mu gani.

Direban Koriya: Wadda Ɗan Fadama ya gani a kan bulo, wace kala ce? Ya faɗa mana.

Ɗan Birni: Ni dai a garinmu tantan muke cewa. Tarakta ba Hausa ba ce.

Malama Mai Alli: Ku duka maza ne, shi ya sa ba wanda ya tuna da mata. A can Amurka ranar casar alkama injin tururi ake jawowa, maƙwabta su taru kamar gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan. Matar gida ce ke dafa wa ƙattin nan gaba ɗaya a murhun itace, ta ɗebo ruwa da bokiti, don a 1930 gona kusan ɗaya cikin goma ce ke da lantarki. An sayo wa miji inji, ita aikinta na nan. Kakata haka ta yi sussuka da daka har tafin hannunta ya yi kanta, ba ta iya dunƙule shi sosai. In wannan ba bauta ba ce, ku ba ni sunanta.

Baba Na Gandu: Kakarki lada ta samu. Kada ki ɓata mata da bakinki.

Malama Mai Alli: Baba, da girmanka, kada ka sa kakata a bakinka.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Ga abin da aka cimma: kalmar bauta kuskure ce, kuma Baba ya yi gaskiya, shi ya sa ake son manya a wuri. Ɗalibin Tarihi ya tabbatar da cewa inji bai amfani talaka ba ko a Amurka. Batun ja da kore, ni na yi aiki da ja shekara tara, ban ga abin kushewa ba. Malama ta kawo maganar da ba ita ake yi ba, muna roƙo ta ba Baba haƙuri. An rufe.

Malama Mai Alli: Ba haka ɗalibin ya ce ba, a koma a karanta.

Ɗan Fadama: Taraktar da ke kan bulo ja ce, tunda an tambaya. Jama'a, hadari na haɗuwa a gabas yanzu haka. Duk wanda ya san mai garmar shanu da zai iya zuwa gobe da asuba, don Allah ya yi min magana.