Birkin bayan Golf 3 yana kamawa: in buɗe a gida ko in kai gareji?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Golf 3 gare ni, ta 1996, mai ƙaramin inji, birkin bayanta na diram ne. Na yi tafiyar sati uku na bar ta a ƙofar gida da hanbirek a ja, kuma ranar da na ajiye ta sai da na ratsa ruwa, kun san yadda layukanmu suke a watan Agusta. Da na dawo ta ƙi motsi, sai da na ba ta wuta ta yi ƙas, sannan ta saki. Tun daga ranar tayar baya ta hagu kaɗai ke riƙewa. Daga Samaru zuwa PZ kawai, in na tsaya rim ɗin ba ya taɓuwa don zafi, ga ƙauri, ta dama kuwa lafiya lau. Shu, wato takalmin birkin da ke matse diram daga ciki, sabo ne, wata huɗu da sawa. Ran Lahadi zan kai iyali ɗaurin aure Funtuwa. Ina da jak da sufanu, ina da yinin Asabar. In buɗe da kaina ko in kai gareji? Wanda ya taɓa yi ya gaya min abin da ya tarar a ciki.

Na Bakin Tasha: Wa'alaikumus salam. Shu ne ya cinye, canza shi ka huta.

Ɗan Kwalisa: Fistan ɗin kalifa ne ya maƙale. Kuma na baya murɗa shi ake yi yana shiga, in ka danna da ƙarfi ka ɓata shi. Haka tawa ta yi.

Baban Khalifa: 'Yan'uwa, na ce shu sabo ne, na ce kuma diram ne. Kalifa ai ta birki mai faranti ce, mai faranti a baya kuwa sai su GTI da VR6, ni ban kai can ba.

Mai Sufana: Malam, shekarata 22 a wannan sana'a. Kar ka kashe ko sisi sai ka kama ɓarawon. Motar da ta sha ruwa aka ja mata hanbirek sati uku, shu ne ya manne da diram saboda tsatsa, shi ne ƙas ɗin da ka ji. Amma wannan yakan goge da kansa in an ɗan yi tafiya. Tunda har yanzu tana riƙewa, ni wayar hanbirek nake zargi. Biyu ce, kowace taya da tata, ruwa ya shiga rigar ta hagu ta daina komawa.

Nemi wuri mai tauri, sa ta a giya ɗaya, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba. Kar ka yarda da jak shi kaɗai, kar kuma ka tokare da bulon siminti, rugujewa yake ba sallama. Gungumen katako, sannan ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar. Diram ɗin Golf ba irin na Corolla ba ne da ake zarewa kawai, boris yana cikinsa. Ka cire hular tsakiya, ka zare fin, ka kwance noti, ka tara hannu kar boris ya faɗa ƙasa ya kwashi yashi. In diram ya ƙi fita kar ka bi shi da guduma. Haska tocila ta ramin notin taya, za ka ga wani ɗan ƙarfe kamar waigi da sifirin a gindinsa, tura shi sama da sukudireba, shu zai koma ciki. Da ka buɗe, sa yaro ya ja hanbirek ya saki kana kallo. Ƙarfen da wayar ke ja, in bai koma mazauninsa ba, ka gama bincike. Wajen mayarwa ba a ɗaure notin boris tamau, a bar washa tana ɗan motsi in ka tura ta da bakin sukudireba, kuma sabon fin za ka sa.

Tsohon Direba: Ɗana, ko ma me za ka yi, ka tsaya a kan motarka da idonka. Ni wannan matsalar ce ta raba ni da sitiyari shekara biyu. Fijo 504 doguwa nake ja ta haya, ta wani bawan Allah. Tayar baya ta fara kamawa a hanya, ga fasinja cike. Na tsaya wajen wani bakanike a bakin titi, ya ce in je in sha shayi. Ko rabin kofi ban sha ba ya aiko yaro wai an gama. Na juya taya da hannuna, tana wulwulawa kamar fanka. Har godiya na yi masa, na ƙara masa na goro.

Ashe ƙusa ya cusa a bakin bututun mai ya mayar ya ɗaure. Wato ya kashe birkin tayar ɗungurungum. Kwana uku ina yawo ban sani ba, don a busasshiyar kwalta ba ka ji sosai. Rana ta huɗu muna gangarowa Hawan Kibo ana yayyafi, tirela ta rage gudu a gabana, na taka. Wallahi motar nan sai ta juya min baya kamar akuya ta ga kura. Muka tsaya a cikin kwalbati. Allah ya kiyaye rai, amma wata baiwar Allah ta karye a hannu, kuma har yau in na rufe ido ina jin kukan jaririnta. Da aka ja motar gareji aka kwance, ga ƙusa nan 'yar inci ɗaya, an lanƙwasa kanta. Mai mota ya karɓi makullinsa a gaban mutane. Na koma neman bakaniken, aka ce ya tashi.

Maman Hanif: Innalillahi. Baba, Allah ya mayar da alheri.

Na Bakin Tasha: Wannan ai har gobe ana yi. Wasu filaya suke sawa su matse tiyon su ɗaure da waya, wai a lallaɓa a kai gida. Gidan kuma ba a zuwa sai bayan wata shida.

Mai Sufana: Baba, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma kar a yi mana kuɗin goro. Sau nawa direba ke zuwa da bakinsa ya ce Oga kashe min ita, ina da lodi? In ka ƙi ya tafi rumfar gaba.

Tsohon Direba: Ni ban ce masa ba. Shayi ya ce in sha.

Baban Khalifa: Allah ya kyauta. To in wayar ce, nawa take yanzu?

Ɗan Kwalisa: Ba ta wuce 6,000.

Na Bakin Tasha: 6,000 a wace shekara? Hala tun kafin a cire tallafin mai a 2023 ka saya. Ƙanina ya sayi ɗaya 17,000 kwanan nan, ita ma sai da aka yi ciniki.

Ɗan Maraɗi: Nan wajenmu ta Beljiyam jaka huɗu na saye ta, kuma ta fi sabuwar kwali ƙarko nesa ba kusa ba.

Sarkin Zolaya: Jaka huɗu ta sefa, ka buga lissafi da canjin yau, ka ƙara kuɗin mota zuwa Maraɗi da na kwana. Baban Khalifa, ka sayar da Golf ɗin ka sayi jaki. In ka ce masa tsaya ya tsaya, in ka ce tafi ma ya tsaya, ka ga daidai da motarka.

Injiniyan Gida: Duk kun tafi kan waya, ba wanda ya ambaci mai. Mota ta kusa shekara 30, tiyon robar da ke kai mai baya yakan ruɓe ta ciki. In ka taka, mai ya wuce da ƙarfi, in ka saki ya kasa komawa, shu ya zauna a matse. Gwajin ba wuya: taka birki sau biyar ka saki, in taya ta riƙe, sassauta ɗan notin fitar da iska da ke bayan silinda, wato abin da ke tura shu in ka taka birki. In mai ya tsarto taya ta saki nan take, matsalar ta mai ce, ba waya ba. In bai saki ba, ɗaga robar bakin silinda ka duba, fistan ma yana tsatsa. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu, kuma DOT 4 ake zuba wa Golf. Yaushe rabon da ka canza naka?

Baban Khalifa: Gaskiya ƙari kawai nake yi in ya ragu.

Mai Sufana: Injiniya, a waya ka gani ko ka taɓa kwanciya ƙarƙashin mota? Gwajinka daidai ne, ban musa ba. Amma wannan ɗan notin in ya shekara goma ba a taɓa shi ba, kana murɗawa yake karyewa a ciki. Sai ka bar mutum ranar Asabar da yamma da silinda a karye, shaguna sun rufe, ga biki gobe.

Injiniyan Gida: Oga, motata ni nake gyara ta shekara tara, ba ta taɓa kwana a gareji ba. A jiƙa notin da man kwance tsatsa tun daren Juma'a, a sa sufana mai zobe daidai kansa. Ku matsalarku duk wanda bai sha duka a wajen ubangida ba bai san komai ba.

Mai Sufana: Mota ɗaya a shekara tara. Ni tara nake gani kafin azahar.

Tsohon Direba: Wanda ya sa min ƙusa ma cewa ya yi shekararsa 20.

Maman Hanif: Ni ba bakanike ba ce, amma na ga aikin gida da idona. Maigidana ya buɗe na motarmu da safe yana fito, la'asar ta same shi zaune da sifirin uku a farantina, bai san inda kowanne yake shiga ba. Sai da aka je aka ɗauko yaron gareji a babur. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, kuma kar ka buɗe ɗaya gefen, shi ne madubinka. Ya kuma hure ƙurar da baki ya kwana yana tari. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. In abin ya ƙi, a hau ta haya, amarya ba za ta fasa tarewa ba.

Ɗan Kwalisa: Maganar mai da Injiniya ya yi, ina ma ake samun na kirki? Na sayi gwangwani a wani shago, hatimi da komai, sati biyu robobin masta, inda man birki ke tasowa, suka kumbura kamar an jiƙa gurasa.

Na Bakin Tasha: An haɗa maka da man inji ko na giya ke nan, shi ke kumbura roba. Mu a tasha har ruwan omo na ga an ɗura.

Ɗan Maraɗi: Jabu ai ya fi na gaske kyan kwali yanzu.

Tsohon Direba: Jabu da sauƙi a kan musanya. Ka kai mota da batir sabo a dawo maka da wanda ya ga zamanin soja.

Baban Khalifa: 'Yan'uwa, na buɗe. Waigin nan na ciki ya wahalar da ni amma ya hau. Oga Mai Sufana, ƙarfen hanbirek ba ya komawa sai na tura shi da hannu, rigar wayar ma ta tsage kusa da taya. Sai dai na ɗaga robar silinda kamar yadda Injiniya ya ce, gefe ɗaya a jiƙe yake da mai, shu bai jiƙe ba tukuna. In canza silindar hagu kaɗai ko sai duka biyun? Ƙarfe biyu ta wuce, motar tana kan katako.

Ɗan Kwalisa: Ni da fenti nake sa wa batir ɗina alama a ƙasa kafin in kai gareji.

Na Bakin Tasha: Fenti? Nawa har sunana na ƙarta da ƙusa, suka canza min ruwan ciki.

Sarkin Zolaya: Baban Khalifa, mai jakin ya ce in za a kai Funtuwa gobe sai an ƙara kuɗin dusa.