Ranar haihuwar uwargida: Paris ko Edinburgh, kwana biyu kacal?

Bazamfare_Manchester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar haihuwar maiɗakina za ta zagayo Asabar ta ƙarshen Nuwamba, saura mako uku. Ina son mu fita daga Manchester yammacin Juma'a mu dawo Lahadi. Fasfonmu na Najeriya ne, bizar karatu gare mu. Paris ko Edinburgh? Don Allah waɗanda suka san hanya su yi mini bayani.

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cire Paris daga lissafi. Bizar Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa, sai ka nemi ta Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai: Yuro 90 kowane mutum, kwana 15 kafin amsa, wani lokaci har 45, kuma samun ranar kai takardu ma aiki ne.

Edinburgh kuwa jirgin ƙasa ɗaya ne daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa tashar Waverley ta Edinburgh, awa uku da 'yan mintuna. Yanki tikitin Advance, mai rangwame da ake saya tun kafin ranar tafiya, yau, kullum ƙara tsada yake. Amma na jirgi ɗaya ne tak, in ya wuce ka kuɗinka sun tafi. Ku yi katin Two Together, yana rage kashi ɗaya cikin uku, da sharaɗin ku biyun kuna tare. Duba jirgin dawowa da kyau: ranar Lahadi suka fi gyaran layin dogo, sai ka ga an sauke ku an zuba a bas.

Hajiya 'Yar Gusau:
Ɗana, maganar masauki fa. Daga tsakiyar Nuwamba kasuwar Kirsimeti take ci a Princes Street, ga wasannin rugby a Murrayfield, kuɗin otal sai ya yi tashin gwauron zabi. Nemi ɗaki wajen Haymarket ko Newington, wanda za ka iya sokewa kyauta. Yawanci sai ƙarfe 3 suke ba da ɗaki, Lahadi kuma a fita 11 ko 12, amma za su ajiye muku kaya in kun roƙa.

Kada ka kunna kyandir a ɗaki, na'urar hayaƙi za ta tada otal gaba ɗaya. Kek ɗin ma karanta bayan kwali, wasu da giya ake haɗa su, wasu da gelatin na alade. Ka tafi da buta ko gorar ruwa, banɗakinsu takarda ce kawai. Kuma ka sa ta ɗauki rigar ruwa mai hula, iskar garin karya lema take, ba irin sanyin hunturun Gusau ba ne da mayafi ke maganinsa.

Malam na Gwandu:
Abin da aka fi mantawa shi ne gajartar yini. A lokacin, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke. Tafiyar ta wuce mil 48 kuma ba ku yi niyyar kwana huɗu ba, don haka kuna da ƙasaru.

Asabar ku fara da fadar kan dutse, Edinburgh Castle, da tikitin intanet. Ku tsaya har ƙarfe 1 a harba igwa. Ba a harbawa Lahadi. Daga nan ku gangaro babban masallaci a Potterrow, ga gidajen abincin halal kewaye da shi wajen Nicolson Street. Gidan tarihi na Chambers Street yana kusa, shiga kyauta, wurin fakewa ne in ruwa ya sauko.

Arthur's Seat, dutsen da ake hawa a cikin garin, tsayinsa mita 251 ne, ɗan ƙasar dutsen Kwatarkwashi ba zai ji tsoronsa ba, sai dai santsi in an yi ruwa. A bar shi sai safiyar Lahadi, da takalmi mai riƙo.

Bazamfare_Manchester:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, batun kyandir ɗin nan bai taɓa zo mini a rai ba. Na ga jirgin Juma'a da yamma, bari in duba na Lahadi kafin in biya.