Musayar Waƙa: Farkawar Kiristocin Amurka da Bayin da Ke Bayan Gida

Malam Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum, ma'abota baiti. Makon nan mu ƙetare teku, mu duba guguwar wa'azin da Amurkawa ke kira Babbar Farkawa. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Wanda ya karya, goro a kansa.

Da sunan Allah nake buɗe batu,
Na Amurka can da, kafin rabuwa.

Tana hannun Ingila, ba ta da tuta,
Coci ya yi sanyi, zukata na mutuwa.

Sai Jonathan Edwards na Northampton,
A 1734 ya tada farkawa.

A Enfield, 1741, ya hau mumbari,
Ya zana azaba kamar ana dubawa.

Ya ce mai saɓo gizo-gizo ne,
Riƙe kan wuta, kiris ya rage faɗawa.

Kuka ya cika ɗakin har ya tsaya,
Yana neman shiru don ƙarasawa.

George Whitefield ya zo daga Ingila,
Fili yake nema, coci ba ya isarwa.

Benjamin Franklin ya auna muryar a Philadelphia,
Ya ce mutum 30,000 na iya jiyowa.

Ya je da niyyar ko sisi ba zai bayar ba,
Sai ga shi aljihu duka yana juyewa.

'Yar Katsina:

Malam, na gaishe ka, baiti ya zauna,
Amma akwai ɗakin da ba ka buɗewa.

Shi Edwards mai razana jama'a,
A 1731 Newport ya yi zuwa.

Ya sayo yarinya, Venus ake ce mata,
Ya ƙirga kuɗi, ta zama baiwa.

Whitefield ya gina gidan marayu,
Bethesda a Jojiya, abin yabawa.

Lokacin dokar Jojiya ta hana bauta,
Yana cikin masu nacin a yi halattawa.

Aka buɗe ƙofar a 1751,
Da gumin bayi marayun nan ake ciyarwa.

Mai hango wutar gobe tun daga nesa,
Ta bayan gidansa ba ya hangowa.

Baffa na Damagaram:
Kai, 'yar nan ba ta da sauƙi! Bari tsoho ya sa baki kafin Malam ya sha ruwa.

'Yata, kin faɗi gaskiya ba ragi,
Sai dai zaren nan yana da ƙullewa.

Wa ya yi wa Whitefield waƙar makoki,
A 1770 da ya yi rasuwa?

Phillis Wheatley ce, 'yar Afirka ta Yamma,
An sayar da ita a Boston tana ƙanƙanuwa.

Sunan jirgin da ya kawo ta aka laƙaba mata,
Nata na yanka ya tafi ba dawowa.

Ta yabe shi don ya kira baƙi zuwa tsira,
Kiran da ba kowane fasto ke furtawa.

Da ta tara waƙoƙi za ta yi littafi,
A Boston ba ta samu masu tallafawa.

Sai da manyan gari 18 suka sa hannu,
Cewa ita ta tsara, ba ta arowa.

Landan ta buga shi a 1773.
To baiwa ta yaba, ke me kike cewa?

Ɗalibi daga Kumasi:

Ku ba ni aron fili, iyayena,
In tuna 'yan ƙasa da aka tarar da su.

John Eliot ya juya Baibul dukansa,
A 1663, zuwa harshensu.

Ya tara tubabbu a garuruwan addu'a,
Natick ce farko, aka rage gashinsu.

Da yaƙi ya tashi a 1675,
Tsibirin Deer aka kai aka zube su.

Sanyi da yunwa suka yi musu ɓarna,
Ina baftismar da za ta kare su?

Samson Occom, ɗan ƙabilar Mohegan,
Fasto ne shi, kuma jininsu.

Ya zaga Birtaniya yana wa'azi,
Sama da fam 12,000 ya tara dominsu.

Malaminsa Wheelock ya karɓa ya kafa kwalejin Dartmouth,
'Ya'yan Turawa suka ci rabonsu.

Malam Ɗan Zazzau:
Ɗalibi, ka bar "wa" ka koma "su", goro ya hau kanka, amma labarin Occom ya rage maka rabi. Ku kuma da kuka taru a kaina, ba a yanke wa shuka hukunci ranar da aka binne iri.

Ku biyo ni zuwa farkawa ta biyu,
A nan hujjata take fitowa.

Cane Ridge ta Kentaki, Agustan 1801,
Dubbai a daji, ana ihu ana faɗuwa.

Shekara 3 kafin hijirar Shehu zuwa Gudu,
Don mai lissafi ya samu gwadawa.

A 1806 ɗalibai 5 na kwalejin Williams,
Hadari ya kora su gindin tarin ciyawa.

Addu'arsu ta haifi hukumar mishan a 1810,
Ɗan mishan Judson ya sauka ƙasar Burma ba juyawa.

Charles Finney ya shiga Rochester a 1830,
Ya ce tuba aiki ce, ba kuka da zaunawa.

Ya hana mai bayi jibin Ubangiji,
Masu yaƙi da giya suka yi ta ƙaruwa.

Kwalejin Oberlin ta haɗa mata da baƙar fata,
Aji guda da maza farare, ba warewa.

Harriet Beecher Stowe, 'yar fasto ce,
Littafinta na 1852 ya sa ƙasa girgizawa.

Kwafi 300,000 a shekarar farko,
Kan bauta. 'Yar Katsina, sai ki yi musawa!

'Yar Katsina:

Ba na musu, Malam, Finney ya yi ƙoƙari,
Amma baƙaƙe ba su zauna jiran kowa.

A cocin St. George na Philadelphia,
An ja su daga durƙuso suna roƙawa.

Richard Allen ya fice da mutanensa,
A 1816 cocinsu ya samu tsayuwa.

Umar ɗan Sa'idu, malamin Futa Toro,
A Karolina bawa yake, yana tsufewa.

Ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831,
Da Tabaraka ya yi buɗewa.

Frederick Douglass da ya tsere ya shaida,
Ubangida mai ibada ya fi cutarwa.

Shekarar da ya faɗa, 1845,
'Yan Baptis kan bayi suka yi rabewa.

Na Kudu ma farkawar ce ta cika cocinsu,
Littafi guda su da Finney suke karantawa.

In ita ta haifi masu kwance sarƙa,
Wa ya haifi waɗannan? Malam, ina jiran amsawa.